Lambar Oktan da Shan Mai: Abin da Mai Tsohuwar Mota a Haɗejiya Ya Kamata Ya Sani

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin duk mai mota ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a jihohin Arewa. A tashar motar Haɗejiya, inda Golf 3 wagon da Sharan da tsofaffin Peugeot ke jigilar fasinja da buhunan shinkafa da kwalayen kifi zuwa Kano, Gumel, Nguru da Dutse, kowace lita tana fita ne daga ribar direba kai tsaye.

Wannan ne ya sa matasa da dama suka koma neman mafita a waya. Bidiyoyin TikTok da YouTube cike suke da masu cewa mai mai lamba 95 ya fi 91 auki, ko wata 'yar kwalba da ake tsiyayawa a tanki tana rage shan mai da rabi. Yawancin bidiyoyin an yi su ne don direban Amurka ko Turai. A Haɗejiya lissafin daban yake.

Mece ce lambar oktan?

A cikin injin fetur, fistin yana matse iska da mai a cikin silinda, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta ci a tsare daga wuri guda ta tura fistin ƙasa. Idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba yakan fashe da kansa. Wannan fashewar ce ke ba da wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman idan mota ta yi lodi kuma direba ya danne totur a babbar giya. Wannan ƙwanƙwasa daban take da abin da makanikai ke nufi idan sun ce inji ya buga, amma idan aka bar ta ta daɗe tana cin fistin da ringi har ta kai ga bugawar.

Lambar oktan ma'auni ne na juriyar mai ga irin wannan fashewa. An gina ma'aunin kan sinadarai biyu: ɗaya mai juriya sosai aka ba shi 100, ɗaya mai saurin fashewa aka ba shi 0. Ƙarfin da ke cikin lita ɗaya na mai mai lamba 91 da na 98 kusan ɗaya ne. Injin da aka ƙera don 91, ko an zuba masa 98, ba zai ƙara gudu ko rage sha ba. Wanda ke amfana shi ne injin da aka ƙera da matsi mai yawa ko mai tobo.

Akwai kuma ruɗanin lambobi. Najeriya da Turai suna amfani da ma'aunin RON, Amurka kuma tana da nata mai suna AKI, wanda lambarsa ke yin ƙasa da maki huɗu zuwa shida. Wato 87 na Amurka daidai yake da 91 ko 92 a ma'aunin RON. Don haka Camry ko Honda Accord da aka shigo da ita daga Amurka, littafinta ya ce 87, man Najeriya mai kyau ya ishe ta.

Wane mai ake sayarwa a nan?

A Turai direba yana tsayawa gaban famfo ya zaɓi 95 ko 98. A gidajen man Haɗejiya famfon fetur nau'i ɗaya ne. Ƙa'idar Najeriya ta tanadi kada fetur ya gaza RON 91, kuma hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke da alhakin sa ido a kai, ko man daga waje aka shigo da shi ko daga matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a Satumban 2024.

Saboda haka zaɓin da ke hannun direba shi ne inda zai sayi man. Abin da ya faru a Fabrairun 2022 ya nuna muhimmancin haka, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layin mai ya dawo a faɗin ƙasa.

Man 'yan bumburutu yana da nasa haɗarin ko da ba a yi masa algus ba. Jarkar da ta wuni a rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sassan man masu saurin tashi suna gudu daga cikinta, kuma suna cikin waɗanda ke riƙe lambar oktan. Ga ƙura, ga ruwa. A yankin fadama kamar Auyo, Guri da Kiri Kasamma, inda ambaliya ta yi ɓarna a 2020 da 2022, ruwa yana iya shiga tankin ƙasa na gidan man da ba a kula da shi. Gidan mai mai yawan ciniki, wanda tanka ke sauke masa mai akai-akai, ya fi aminci.

Abin da mota ke buƙata

Amsar tana jikin murfin tanki. Motocin Turai da yawa suna da takarda a ciki da aka rubuta RON ko ROZ da lamba. Idan 91 ce, magana ta ƙare. Idan 95 ce, kamar yawancin Marsandi da BMW, sai a duba yadda injin ke kare kansa.

Yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 suna da sensa mai sauraron ƙwanƙwasa. Da ta ji, ƙwaƙwalwar mota sai ta jinkirta tartsatsin fulogi kaɗan. Injin ya tsira, sai dai ƙarfi ya ɗan ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Wasu tsofaffin Opel, irin Vectra ta farko da Astra, suna da wani ɗan filogin waya a ɗakin inji mai fuska biyu, 91 da 95, wanda juya shi kawai ake yi ya dace da man da ake samu.

Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, da sauran masu kafireta, ba su da wannan sensa. Kunnen direba da hannun makaniki su ne kariyarsu. Idan irin wannan mota tana ƙwanƙwasa, gyaran taimin a distirbuta shi ne matakin farko, sai duba lagireto da dattin gawayi da ya taru a kan fistin, domin yana ƙara matsi da zafi.

Kwalaben ƙara oktan da na'urorin rage shan mai

A jikin kwalaben ƙara oktan akan rubuta cewa suna ƙara maki uku ko biyar. Sau da yawa maki ɗaya a wajensu kashi ɗaya cikin goma ne na lamba, wato daga 91 zuwa 91.3. Masu ɗauke da sinadarin manganis kuma suna barin jan datti a kan fulogi da sensar salansa.

Haka abin yake ga maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai da 'yan akwatunan da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta gwada irin waɗannan kayayyaki sama da 100, ba ta samu wanda ya rage shan mai yadda za a kula ba.

Inda man ke tafiya

Cire tamostat. Makanikai da yawa suna cire shi su haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin Arewa. Injin sai ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, wato wajen digiri 90. Ƙwaƙwalwar motar injekta tana ɗauka har yanzu injin da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai. Da sanyin hunturu abin ya fi muni.

Sensar iskar salansa. Ita ke faɗa wa ƙwaƙwalwa ko man ya yi yawa ko kaɗan. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce gyara wadda ta lalace na iya inganta amfani da mai har da kashi 40 cikin 100.

Filtar iska. Ƙurar hunturu da hanyoyin burji na ƙauyukan fadama suna toshe ta da wuri. A motar kafireta toshewar tana ƙara shan mai kai tsaye. A motar injekta ƙarfi take ragewa.

Taya da lodi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan mota baya, tana kuma yin zafi har ta fashe a kwalta. Adadin iskar yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, har da na lokacin cikakken lodi. Ma'aikatar ta ƙiyasta cewa kowane ƙarin kilo 45 yana cin kusan kashi 1 cikin 100. Kayan da aka ɗaure a kan rufi ko aka bar but a buɗe dominsu sun fi haka ci, saboda iska suke tarewa.

Ƙafar direba. Daga kilomita 80 a awa zuwa sama shan mai yana hauhawa da sauri. Figa da taka birki a kai a kai ma haka. Sakin mota a firi kuwa ba ya taimakon motar injekta, domin idan tana cikin giya aka ɗaga ƙafa daga totur ƙwaƙwalwa tana yanke mai da kanta. Kashe inji mota na tafiya ganganci ne, birki da sitiyari suna yin tauri.

Yadda waya za ta taimaka

Kafin a kashe ko kwabo a gareji, a fara da awo. A cika tanki har famfo ya tsaya, a rubuta lambar kilomita. A sake cikawa a gidan mai ɗaya bayan tafiya, a raba litar da ta shiga da kilomitar da aka yi, a ninka da 100. Idan mitar mota ta mutu, Google Maps zai ba da nisan. Manhajoji irin Fuelio da Drivvo suna ajiye lissafin, su nuna ranar da shan ya fara tashi.

A misali, motar da ya kamata ta sha lita 10 a kilomita 100 amma tana shan 12, a tafiyar kilomita 200 ta yi asarar lita 4, zuwa da dawowa lita 8. Idan lita tana naira 1,000, naira 8,000 ke nan a sawu ɗaya. Direban da ke sawu ashirin a wata ya zubar da naira 160,000, kuɗin da ya ninka na tamostat da fulogi da filta sau da yawa.

Mataki na gaba shi ne 'yar na'urar ELM327, wadda ake sokawa a soket ɗin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhajar Torque ko Car Scanner za a ga zafin inji, aikin sensar salansa, da lambar matsalar da ta kunna fitilar gargaɗin inji. Idan bayan tafiyar minti ashirin zafin bai wuce digiri 70 ba, a tambayi tamostat. Na'urar tana aiki da motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001. Golf 3 da sa'o'inta ba lalle su amsa mata ba, 504 kuwa ba ta da soket ɗin ma, sai lissafin cika tanki.

Idan aka gyara abu ɗaya, a sake awo na tanki biyu ko uku kafin a taɓa wani. Ta haka mai mota zai san gyaran da ya biya kuɗinsa, ya kuma je gareji da lambobi a wayarsa maimakon ya ce wa makaniki kawai mota tana shan mai.