Kifi Nawa Ya Kamata A Zuba Cikin Akwatin Gilashi?

A gidajen masu hali da otal-otal na Abuja, daga Maitama har Gwarinpa, ba abin mamaki ba ne yanzu mutum ya tarar da wani ƙaton akwatin gilashi a falo, cike da ruwa, kifaye masu launi suna ta kai da kawowa a ciki. Abin gwanin sha'awa ne, amma fa kifayen nan da yawa ba su kai shekara a raye. Dalili kuwa shi ne, mai gida yakan ƙidaya kifinsa bisa girman akwati kawai, alhali kuwa a garin nan wutar lantarki ita ce ke da iko a kan lissafin.

Da yawa daga cikin kifayen da aka fi so dangin karfasa ne, waɗanda masana ke kira siklid. Karfasar da ake sayarwa a kasuwar kifi ta Kado 'yar wannan gida ce. Haka ma wani ɗan ƙaramin kifi mai jan ciki da Turawa ke kira kirib, wanda asalinsa daga ƙoramun kudancin Nijeriya da Kamaru ne, ko da yake an fi sanin darajarsa a Turai da Amurka. Sai dai waɗanda suka fi ɗaukar ido su ne na Tafkin Malawi, inda ake da fiye da iri 700, musamman masu zama cikin duwatsu da mutanen can ke kira mbuna.

Galibin dangin nan halinsu ɗaya, watau kishin wurin zama. Namiji yakan zaɓi wani kogo ko gindin dutse ya mai da shi gidansa, duk wanda ya gifta kuwa sai ya kore shi. To, a nan ne abin yake da ban mamaki. Idan aka zuba mbuna huɗu ko biyar kacal cikin babban akwati, mai ƙarfin cikinsu zai tasa ɗaya a gaba, ya hana shi ci, ya hana shi hutu, har ya mutu, sa'an nan ya koma kan na biye. Amma idan suka yi yawa, sai faɗan ya rarrabu, azzalumin ya rasa wanda zai bi. Saboda haka ne masu kiwonsu a ƙasashen waje suke cunkusa su da gangan. Alal misali, akwati mai tsawon ƙafa 6, faɗi ƙafa 2, zurfi ƙafa 2, yana ɗaukar ruwa wajen lita 650, kuma sukan zuba masa mbuna 25 ko 30, suna haɗa kowane namiji da mata uku ko huɗu.

Wannan dabara gaskiya ce, amma an gina ta ne a kan wutar da ba ta ɗaukewa. Kifi yana fitar da wani dafi da ake kira amoniya ta hanyar numfashinsa da kashinsa. Abin da ke kawar da dafin nan kuwa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin matacin ruwa, su ma ba su aiki sai ruwa mai iska yana bi ta kansu. Da zarar an ɗauke wuta, mataci ya tsaya, famfon iska ya tsaya, kifi 30 suna ta shaƙar ɗan abin da ya rage. Bugu da ƙari, ruwan ɗumi bai riƙe iskar numfashi kamar mai sanyi, don haka hatsarin ya fi tsanani a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke kai maƙura. Mai gida ya kwanta lafiya, da asuba ya tarar da kifayen a saman ruwa suna haki, manyan ne kuma ke fara mutuwa.

A ganinmu, wanda ba shi da inbata ko wutar sola da za ta riƙe mataci dare da rana, bai kamata ya kwaikwayi lissafin Turai ba. Gara ya tsaya a rabin wancan adadi, ya yawaita duwatsu da koguna domin mai rauni ya sami maɓoya, ya kuma tanadi ɗan famfon iska mai batir. In kuwa ba zai iya ba, to ya bar mbuna ya nemi kirib, wanda mace da namiji ke kama kogo ɗaya su zauna, faɗansu bai cika tashi ba sai lokacin da suke da 'ya'ya.

Akwai kuma masu ɗebo 'ya'yan karfasa daga wurin masunta su zuba, don suna da araha. Su sani karfasar Nilu tana wuce ƙafa guda a tsawo, ga tonon yashi da cinye tsirrai. Macen takan ɗauki ɗaruruwan ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, ta yadda kifi shida na bana za su zama taro kafin baɗi. Manoman kifi sun san wannan matsala tun tuni, shi ya sa suke kiwon maza zalla, ko su jefa tarwaɗa cikin tafkin ta riƙa rage 'ya'yan.

Ko wane adadi mutum ya zaɓa, kada ya zuba su rana ɗaya, domin sabon mataci yana bukatar mako huɗu zuwa shida kafin bakteriyarsa ta kafu. A riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Usuma an sa masa kulorin domin lafiyar mutane, shi kuwa kulorin yana ƙona matsatsin numfashin kifi, yana kuma kashe bakteriyar mataci, saboda haka sai a ɗiga masa maganin kashe kulorin kafin a juye shi cikin akwati.