Zaɓen Ruwan Tsinka Fenti Domin Feshin Ƙananan Siffofi

A ƙasashen Turai da Amurka da Jafan akwai wani aikin hannu wanda manya da yara su ke yi a lokacin hutawa, watau harhaɗa ƙananan siffofin jiragen sama da na ruwa da motoci, waɗanda a ke yi da roba, sa'an nan a yi musu fenti har su yi kama da na ainihi. Tun a shekarun 1950 kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da siffar jirgin yaƙin nan Spitfire bisa ma'aunin 1 cikin 72, watau kowane inci 72 na jirgin ya koma inci 1. Malamin da ya ke so ya nuna wa almajiransa yadda fiffiken jirgi ya ke, irin wannan siffa ta fi masa zanen allo amfani. Amma aikin mako guda ya kan lalace cikin minti 5 wajen fenti, kuma galibi laifin na ruwan da aka tsinka fentin da shi ne.

Abin da a ke fesa fentin da shi kamar alƙalami ya ke, iska ce ta ke tura fentin ta wani ɗan rami da ke bakinsa. Wani Ba'amurke, Charles Burdick, shi ne ya kafa masana'antar irinsa a Landan a 1893. Faɗin ramin nan daga milimita 0.2 ne zuwa 0.5, kuma akwai allura a cikinsa. Saboda haka fenti ba ya wucewa yadda ya fito daga kwalba, sai an tsinka shi ya yi ruwa-ruwa kamar madarar da aka tatso yanzu. To, a nan ne a ke yin kuskure, gama mutum ya kan ga an rubuta akirilik a jikin kwalba, sai ya ɗauka duk fentin da ke da wannan suna ruwa ɗaya ne ke tsinka shi. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Kowane fenti abu 3 ne a haɗe: garin launi, da danƙon da ke manne launin a jikin abu, da ruwan da ke ɗauke da su biyun har su isa inda za su zauna, sa'an nan ya bushe ya bar su. Kalmar akirilik sunan danƙon ne kawai, ba ta faɗi kome game da ruwan ba. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe ke nan: kafin a zaɓi abin tsinkawa, sai a san irin ruwan da masu fentin suka dama shi da shi tun farko.

Kashi na farko shi ne fentin da aka dama da ruwa, kamar na kamfanin Vallejo na Sifen da na Citadel na Ingila. A cikinsa danƙon yana nan ƙwayoyi ƙanana ƙwarai suna yawo a ruwa, sai ruwan ya bushe su ke haɗuwa su zama fata guda. In aka zuba masa sifirit mai ƙarfi ko tinar masu fentin mota, ƙwayoyin nan su kan dunƙule tun cikin kofin alƙalamin, kamar yadda madarar waken suya ta ke kamawa in an sa mata tsami za a yi awara. Daga nan sai bakin alƙalami ya toshe, a kwashe sa'a guda ana wanki. Ruwa zalla yana tsinka shi, amma in ya yi yawa danƙon ya kan yi rauni, fentin ya riƙa taruwa ɗigo-ɗigo a kan roba kamar raɓa a ganyen gwaza. Don haka abin tsinkawa na kamfanin ya fi, tun da ya ke an sa masa abin da ke sa fenti ya kwanta, da wanda ke jinkirta bushewa. In ba a samu ba, a nemi tataccen ruwa irin wanda a ke zuba wa batirin mota, kada a yi da ruwan rijiya mai kanwa.

Kashi na biyu shi ne fentin da aka dama da sifirit da ruwa tare, kamar na kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Jafan. Abin tsinkawarsa shi ne wanda su ke kira X-20A, kuma sifirit mai suna aisofurofil yana yi masa aiki. An saba farawa da fenti kashi 1, abin tsinkawa kashi 1, a ƙara kaɗan-kaɗan in ya yi kauri. Kashi na uku kuwa, kamar Mr. Color na Jafan, danƙonsa narke ya ke cikin tina mai ƙarfi, ruwa ba ya haɗuwa da shi ko kaɗan, sai tinarsa. Ko a nan ma a yi hattara da tinar kasuwa, domin tana iya cin robar da aka yi siffar da ita, ta bar fuskarta da zane-zane. Kananzir da ruwan tsinka fentin mai kuwa, babu ko ɗaya cikin kashi 3 ɗin nan da su ke yi wa.

Har wa yau sai mu duba yanayin ƙasarmu, gama shawarar da aka rubuta domin Ingila mai damshi ba lalle ta dace da Kano ko Sakkwato ba. Sifirit ɗin nan yana tafasa a digiri 82, ruwa kuwa sai 100, watau ya riga ruwa bushewa. A lokacin hunturu damshin iska ya kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a bazara kuma zafi ya kai digiri 40. A irin waɗannan kwanaki fentin da aka tsinka da sifirit zalla ya kan bushe tun yana iska, ya sauka a jikin siffa da kaushi kamar rairayi, ko kuwa ya daskare a kan allura. Maganinsa shi ne a ɗiga ɗigo 1 ko 2 na abin jinkirta bushewa, a riƙe ƙarfin iska tsakanin laba 15 zuwa 20 a kan kowane inci murabba'i, a matso da alƙalamin kamar inci 4 daga siffar, kuma a yi aikin da sassafe.

Wanda ke shakka, gwaji mai sauƙi ne. A dama 'yan ɗigo a murfin kwalba, ba cikin alƙalami ba, a jira minti 2. In ya yi gudaji ko zare-zare, to, ba su dace ba. In ya haɗu sumul, sai a fesa a bayan cokalin roba a ga yadda zai kwanta. Wasu su kan tsinka fenti da ruwan wanke gilashi, amma mu ba mu ba da wannan shawara, domin wanda ke da amoniya yana cin ƙarfen cikin alƙalamin sannu a hankali.

Abin da ya fi siffa da alƙalami muhimmanci shi ne huhun mai aiki. Feshi yana mai da fenti ƙura mai laushi wadda a ke shaƙa, ko da kuwa na ruwa ne. Sifirit da tina suna kama wuta, kada a yi aiki da su kusa da fitila ko risho. A buɗe tagogi, a rufe hanci da abin da ke da matacin gawayi, gama ƙyalle ko takarda ba sa tare tururin tina. Shawararmu ga malamai ita ce, inda akwai yara a tsaya ga fentin ruwa kaɗai. Akawun da ke rubuta odar kaya kuma ya sa kwalbar abin tsinkawa ta kamfani ɗaya da fentin a takarda guda, gama kuɗinta bai kai na siffar da za ta lalace ba. Araha dai ba ta ado.