Hoton da ba ya nuna kowa: yadda wasu suka mai da kyamara hanyar tafakkuri

Mafi yawanmu muna ɗaukar hoto ne don adana shaida: fuskar amarya, taron suna, kayan da aka sauke a shago, ko takardar da za a tura ofis. Amma akwai wani reshe na wannan sana'a da ma'abotansa ke kauce wa duk abin da ido zai iya kiran sunansa nan take. Abin da ke cikin hotunansu haske ne da inuwa, da tsagewar bango, da lanƙwasar gajimare. Wasu daga cikin fitattunsu sun ɗauki aikin a matsayin hanyar natsuwa da tafakkuri.

A Amurka wannan ra'ayi ya yi ƙarfi. A shekarar 1922 Alfred Stieglitz ya fara ɗaga kyamararsa yana ɗaukar gajimare, galibi ba tare da bishiya ko gini da zai nuna wa mai kallo inda yake tsaye ba. Ya shafe sama da shekara goma a kan wannan aiki, ya kuma raɗa wa jerin hotunan suna Equivalents, wato kwatankwaci, domin a ganinsa kowane hoto kwatankwacin halin da zuciyarsa ke ciki ne.

Minor White, wanda ya rayu daga 1908 zuwa 1976, shi ya faɗaɗa wannan fahimta. Yana cikin waɗanda suka kafa mujallar Aperture a 1952, daga baya kuma ya koyar a jami'ar MIT. Ya yi nazarin tafarkin Zen na mabiya Buddha da rubuce-rubucen sufayen Kirista. Yakan ɗauki ƙanƙarar da ta daskare a gilashin taga, ko fentin da ke ɓarewa, har su zama kamar wata duniya dabam. Kuma yakan sa ɗalibansa su zauna shiru, su tattara hankalinsu, kafin su ɗora ido a kan hoto. Shi kuwa Hiroshi Sugimoto, ɗan ƙasar Japan, tun 1980 yake ɗaukar tekunan duniya: rabin hoton ruwa, rabi sararin samaniya, babu jirgi babu gaɓa.

Hikimar da ke ciki ita ce, ido na da gaggawar sa wa abu suna. Da zarar ya ce wannan mota ce, wancan mutum ne, sai ya wuce gaba. Idan ya rasa sunan da zai kira, dole ya dakata. A wannan dakatawar ce mai kallo ke fara lura da haske da launi, sannan ya lura da abin da ke kai-komo a cikin ransa.

Wannan ba ya nufin duk hoton da ya fito dishi-dishi ya shiga sahun. Ana bukatar haƙuri da sanin yanayin haske, da zaɓen abin da za a bari a waje. Kayan aiki kuwa ba su ne matsala ba, wayar hannu ma ta isa. Abin da ya yi ƙaranci a yau shi ne hankali kwance, tunda yatsa na ture ɗaruruwan hotuna a yini ba tare da ido ya tsaya a kan ko ɗaya ba. Wanda ya iya ba inuwar da ke jikin bangon shagonsa ko ofishinsa minti biyar na kallo, ya karɓo wani abu daga cikin lokacinsa da hayaniyar gari ta ƙwace.