Tsiron tukunya: a sake masa mazauni tun saiwa ba ta shaƙe shi ba

Ɗan'uwa manomi, icen da ke gona shi ke neman abincinsa. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa har ta tarar da laima. Amma wanda ka sa a tukunya, ka ajiye ƙarƙashin rumfa ko bakin taga, ba shi da inda za shi. Abin da ka ba shi, shi ke nan abin da ya samu.

Gidaje da yawa suna da irin wannan shuka. Uwargida tana da na'a-na'a ta shayi, da ɗoɗɗoya, da barkono. Maigida ya sayo ɗan mangwaro mai aure ko ɗan lemu, ya ajiye yana jiran damana ya dasa. Kuɗi aka kashe, ruwan kuma da guga aka jawo shi. To, sau da yawa bayan ƴan watanni sai tsiron ya mutu, a ce ciwo ne. Alhali matsalar tana cikin tukunyar, inda ido ba ya gani.

Yadda za ka gane tukunya ta yi kaɗan

Saiwa ba ta daina girma. In ta kai bangon tukunya sai ta juya, ta riƙa naɗewa kamar gammo, har ta cika wurin, ƙasa ta rage kaɗan. Ga alamun da za ka gani:

Saiwa ta leƙo ta hujin gindin tukunya.
Ka zuba ruwa, nan da nan ya zurare ya fita.
Ka ba shi ruwa da safe, kafin azahar ya yi yaushi.
Sabon ganye ƙanana ne, tsoho yana yin rawaya yana zuba.

In ka ga biyu daga cikin waɗannan, lokacin sauyi ya yi. Na'a-na'a tana cika tukunya cikin shekara guda. Ita raba ta ake yi gida biyu ko uku, kowane kashi a ba shi tukunyarsa.

Kada ka yi wannan aiki a tsakiyar bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40, tsiron da aka taɓa wa saiwa ba ya jurewa. Farkon damana ya fi, kuma da marece, bayan la'asar.

Tukunya da ƙasa

Sabuwar tukunya ta fi tsohuwar da faɗin yatsa biyu ta kowane gefe, wato kamar santimita 3 zuwa 4. Kada ka ce bari in ba shi babbar randa in huta. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana riƙe ruwa kwana da kwanaki, saiwar ta ruɓe.

Tukunyar ƙasa ta fi kowace, don tana shan iska, tana kuma sanyaya ƙasar kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Tsohuwar tukunya da ta tsage ma ta isa. Gwangwani da baƙar roba suna ɗaukar zafin rana, sai a ajiye su a inuwa. Mazubin da aka taɓa sa maganin ƙwari ko baƙin mai, kada ka shuka abin ci a ciki.

Ko wace iri ce, dole ta kasance da huji a gindi. Ka ɗora tsingaro guda a kan hujin don kada ƙasa ta zube. Ba sai ka jera tsakuwa ba, tsakuwa wurin saiwa kawai take cinyewa.

Ƙasar kuwa, ka haɗa kwano 2 na ƙasar jigawa da kwano 1 na taki wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ba ya wari. Ka tankaɗe, ka gauraya. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Lakar fadama zalla in ta bushe tana taurarewa kamar tubali.

Yadda ake sauyin

1. Tun jiya ka ba tsiron ruwa, don ƙasar ta riƙe saiwa.
2. Ka sa gindin tsiron tsakanin yatsunka, ka kife tukunyar, ka bubbuga gefenta har curin ya fito. Kada ka ja shi ta kara. In a leda yake, ka tsaga ledar da wuƙa.
3. Ka duba saiwa. Mai lafiya tana da ƙarfi, bakinta fari. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, ta ruɓe, ka yanke ta da wuƙa mai tsabta.
4. Wadda ta naɗe, ka warware ta a hankali da yatsa. In ta ƙi, ka yanke wajen santimita 2 daga gindin curin. Wannan ya fi muhimmanci ga mangwaro da lemu. Saiwar da ta lanƙwashe a leda haka za ta zauna ko an kai icen garka, ba za ta nutsa ba, icen ya tsumbure ko iska ta kayar da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
5. Ka zuba ƙasa kaɗan a sabuwar tukunya, ka zaunar da curin, ka cika gefe, ka danna da yatsa. Inda ƙasa ta tsaya a jikin karan da farko, nan za ta tsaya yanzu. Wurin auren mangwaro ya kasance sama da ƙasa.
6. Ka bar yatsa biyu daga bakin tukunya, wurin da ruwa zai tsaya.
7. Ka zuba ruwa har ya fito ta hujin. Ka sa tsiron a inuwa kwana 7, inda iska ba ta bugunsa. Kada ka sa takin zamani sai bayan wata guda.

In ya ɗan yi yaushi kwana biyu ko uku, kada ka damu, kada kuma ka ƙara masa ruwa. Saiwa ce take neman zama.

Kulawa ta yau da kullum

Yawan ruwa yana kashe tsiron tukunya kamar yadda ƙishirwa ke kashe shi, don saiwa ma tana bukatar iska. Ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In da laima, ka bari sai gobe. In a bushe take, ka ba shi ya ƙoshi. Ruwan alwala yana da kyau, ka tara shi a kwano. Ruwan wanki mai sabulu kuwa yana lalata ƙasa. In ka ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasar, gishirin ruwan rijiya ne ya taru. Ka kankare shi, ka zuba ruwa da yawa ya wanke sauran ta hujin.

Tsiro da haske yake haɗa abincinsa. A cikin ɗaki mai duhu sai ya yi tsawo, ya sirance, ya koɗe. Ka sa shi inda hantsi ke samunsa, rana tsaka kuma inuwa ta rufe shi. Kowane mako ka juya tukunyar don kada ya karkace. Lokacin hunturu ƙura tana rufe ganye, ka wanke shi da ruwa kaɗan.

Ka ɗora tukunya a kan duwatsu uku, gara ba za ta shiga da sauƙi ba, saiwa kuma ba za ta kama ƙasa ba. In ka sa kasko a ƙarƙashi, kada ruwa ya kwana a ciki. Sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya tsaya, cikin kwana 7 zuwa 10 ƴaƴan sun tashi.

In darɓa ta kama ganye, ka daka ƙwayar ƴaƴan dogon yaro, giram 50 ga lita 1 ta ruwa. Ka jiƙa ya kwana, ka tace, ka yayyafa da marece, har bayan ganyen. Ganyen da za a ci, a wanke shi sosai tukuna.

A yi hattara da kariya, mai jan furen nan da wasu ke sa wa a tukunya don ado. Ruwa kaɗan ya ishe ta, amma ruwan jikinta dafi ne. A nisanta ta daga yara da awaki, a wanke hannu bayan an taɓa ta.

Ɗan'uwa, tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. A shekarar nan ne kuma aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya, wajen Buza, kuma kowane icce a cikinsu sai da aka yi renonsa yana ƙarami kafin a kai shi gona. Tsiron da za ka dasa bana yana tukunya yanzu. Yau da marece ka ɗaga ta ka duba gindinta. Maƙwabcin da bai iya karatu ba kuma, ka karanta masa.

Allah shi ba mu damana mai albarka.