Lissafin Birki A Titunan Jimeta

Shirinmu na musamman na yau daga unguwar Ajiya da ke Jimeta zai taso. 'Yan aji huɗu zuwa shida na sakandare, ku matso kusa da rediyo, ku da malamanku. Direbobin mota da na Keke Napep ma kada ku kau da kunne, domin da ku za a yi.

A darasin fiziks akwai babin da ake somawa da shi tun da wuri: yadda ƙarfi ke sa abu ya motsa a miƙe, ya ƙara gudu, ko ya tsaya. Babi ne da ɗalibi zai tarar a manhajar WAEC da NECO da JAMB, kuma wanda Allah ya ba gurbin karatun injiniya a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981, zai sake cin karo da shi a shekararsa ta farko. Yara da yawa na shakkarsa. Ni kuwa a ganina, laifin na hadda ne. Yaro ya haddace ƙa'ida tsaf, amma ba a taɓa nuna masa ita a titi ba.

To mu leƙa babbar kasuwar Jimeta. Ga mai amalanke nan ya ɗora buhunan masara, ya sunkuya, ya kafa ƙafa, jijiyar wuyansa ta miƙe. A ce kayan da amalanken kilo 200 ne. Yana turawa da ƙarfin niyuton 250, ƙasa kuma tana riƙe tayoyin da niyuton 150. Nan ɗalibi kan yi tuntuɓe, ya ɗauki 250 ya shiga lissafi. A'a. Sai an cire 150 tukuna, ragowar 100 ita ce ke aiki. Raba ta da kilo 200, ka samu rabi. Wato duk sakan ɗaya, gudun amalanken na ƙaruwa da rabin mita a sakan. Wannan ita ce doka ta biyu cikin dokokin motsi uku da Isaac Newton na Ingila ya wallafa a 1687.

Idan kuma turinsa ya dawo daidai da riƙon ƙasa, 150 da 150, amalanken da ke tafiya ba zai tsaya ba. Zai ci gaba da gudun da yake kai, ba ƙari ba ragi. Hankali kan yi gardama a nan, kuma masana sun daɗe suna kai-kawo a kansa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya yi hasashen cewa abin da aka jefa ba ya gajiya don kansa, wani abu ne daga waje, kamar iska, ke rage masa tafiya. Galileo ɗan Italiya ya gangaro da ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci, ya buga sakamakonsa a 1638. Kai kuma fasinja, ka san abin a jikinka: mai Keke ya taka birki, goshinka ya nufi bayan kujerarsa. Keken ne ya tsaya, jikinka bai tsaya ba.

Yanzu ga inda nake so direbobi su natsu. Mu hau hanyar Numan da ƙaramar mota mai kilo 1,000, a ce birkinta na riƙewa da niyuton 5,000. Duk sakan ɗaya tana zubar da gudun mita 5 ke nan. Allon direba na nuna kilomita 36 a awa. Kafin komai, raba da 3.6 domin ya koma mita a sakan, a samu 10. Wanda ya tsallake wannan mataki ya zubar da makinsa tun bai fara ba. Motar za ta tsaya cikin sakan 2. Ta faro daga 10 ta ƙare a sifili, matsakaicin gudunta 5, saboda haka ta ci mita 10.

Direba ya ninka gudu zuwa kilomita 72, wato mita 20 a sakan. Za ka ce mita 20 za ta ci kafin ta tsaya. Ina! Lokacin tsayawa ya zama sakan 4, matsakaicin gudu ya zama 10, nisa ya zama mita 40. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. Kuma ba mu sa lokacin da ido zai hango yaro ko saniya kafin ƙafa ta kai ga birki ba. Ko sakan ɗaya ne, mita 20 sun tafi a banza, jimla 60. Da damina, in kwalta ta jiƙe riƙon taya ya ragu da rabi, mita 40 ɗin nan sun koma 80. Lodin da ya wuce kima ma haka, matuƙar birkin ba zai iya ƙara riƙo ba.

Saboda haka ɗalibi, in tambaya ta zo maka, kada ka yi gaggawar laluben ƙa'ida. Zana abin, ko da ɗan akwati ne, ka sa kibiya ga kowane ƙarfi, ka zaɓi inda ne gaba, duk abin da ke ja baya ka cire shi. In ka gama, ka dubi amsar da idon basira. In ta ce Keke ya yi kilomita guda kafin ya tsaya, ka san akwai inda ka kauce.

Malamanmu na Yola da Jimeta, muna roƙonku, ku fitar da yaran nan filin makaranta. Baro ɗaya, igiyar awo da agogon waya sun isa a yi wannan darasi. Direbobi kuma, don Allah in kun doshi ƙofar makaranta ko bakin kasuwa, ku sassauta ƙafa tun daga nesa.

Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. A huta lafiya.