Sabo Turken Wawa: Ma'aikaci Da Karan Sigari

A cikin miyagun al'adun da suka kama ma'aikatan ƙasar nan, babu wadda a ke raina sharrinta kamar shan taba sigari. Mashayin giya ya kan ɓuya, ɗan caca ya kan ji kunya, amma mai sigari sai ya fito bakin ofis ya kunna abarsa a gaban kowa, har wani ya miƙa masa ashana. Maganan nan ta shafe mu ƙwarai, mu mutanen ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar. Muna da malaman makaranta, da akawuna, da ma'aikatan asibiti, ga kuma 'yan kwastan da na shige da fice masu tsaron iyakar Nijar. Ran Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, waɗansunsu kan wuni a tsaye tun asuba, mai tebur kuwa yana gefe da kwalayensa, yana jiran wanda gajiya za ta turo masa.

Taba dai ba baƙuwa ba ce. Asalinta Amurka, ta iso Afirka ta Yamma yau wajen shekara 400 ke nan. Kakanninmu sun san ta gari wadda a ke haɗawa da kanwa, da ta lofe, da furenta da mata kan goga a haƙora. Sigari ce ta zo da zamanin Turawa, ta shiga aljihun akawu tare da alƙalami, har aka buɗe masana'antarta a Zariya cikin 1959. A lokacin nan ɗan boko ya kan ɗauke ta alamar wayewa. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya cikin 2012 ta nuna manya wajen miliyan 4 da rabi ke amfani da taba, a cikin maza kuwa 1 cikin 10.

Abin lura shi ne, ma'aikata ne suka tona asirinta, da rayukansu. A 1951 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka rubuta wa likitocin ƙasarsu suna tambayar kowa ko yana shan taba. Aka bi sawun likitoci maza fiye da 34,000 har shekara 50. Da aka bayyana sakamakon ƙarshe cikin 2004, sai ga shi mashaya sun riga marasa sha mutuwa da kamar shekara 10, yawanci ta hanyar ciwon dajin huhu, da ciwon zuciya, da cututtukan numfashi. Ashe ilmi da albashi ba su kare kowa ba. Amma akwai bushara a ciki: wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya ceto kusan duka goman nan, mai 40 ya ceto 9, mai 50 ya ceto 6, mai 60 ma ya ceto 3. Shi kansa Doll, da ya ga abin da lissafinsa ke nunawa, sai ya yar da tasa.

To, me ya sa barin ya ke da wuya? A cikin taba akwai wani sinadari, nikotin, wanda kan isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan an zuƙa. Da jiki ya saba, in ya ragu a jini sai mutum ya ji ƙunci, da saurin fushi, da kasa tattara hankali. Ya kunna wani kara, ƙuncin ya tafi, sai ya ce ai taba ce ke taimakonsa ga aiki. Alhali ita ta ɗaura masa kayan, ta kuma karɓi ladan saukewa. Ga shi kuma ta ɗauru da lokatan yini: bayan shayin safe, bayan tuwo, lokacin gadin dare. Mai shan kara 10 a rana yana ƙona 3,650 a shekara, watau fiye da kwali 180. Kowa ya lissafa wannan da kuɗin buhun gero.

Wanda ya yi niyyar bari, ya sa rana, ya gaya wa iyalinsa da abokan aikinsa, ya fid da kwali da ashana daga aljihu da durowa. Kwana 3 na farko su ne masu tsanani, sa'an nan abin ya yi ta sauƙi cikin mako 2 zuwa 4. Marmari kan taso kamar guguwa, ya wuce cikin 'yan mintoci. A sha ruwa, a tauna asuwaki, a tashi daga wurin. Kada a musanya ta da ta gari ko shisha, gama duk jirgi ɗaya ya kwaso su. In abin ya gagara, a ga likita, akwai cingam da filastan nikotin masu rage wahala. Watan azumi kuwa babbar dama ce: wanda ya iya haƙuri daga asuba zuwa magariba, ya riga ya san yana iyawa. In an zame an sha, a sake ɗaura niyya, don yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka gwada ba sau ɗaya ba. Bayan shekara guda hatsarin ciwon zuciya ya kan ragu da kamar rabi.

Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa kara kara, ta hana sha a makarantu da asibitoci da motocin haya. Amma doka ba ta shiga aji kullum, malami ke shiga. Yaron da ya ji warin hayaƙi a rigar malaminsa ya riga ya karanta darasin da babu shi a allo. Saboda haka muna kira ga ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gumel, malaman gobe, da su fito da hannu tsarkakakke, tun icce yana ɗanye. Allah ya sa mu dace, amin.