Ajin Zana da Iskar Hunturu: Jan Kunne ga Iyayen Ɗalibai a Korahane

Takwas saura kwata na safe, a tsakiyar Disamba, hazo bai gama tashi ba. Yaran ƙauyukan Korahane, a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, suna tafe zuwa lakwal, wato makarantar boko, leɓe a tsage, ƙafafu fari fat da ƙura, wannan riƙe da gorar ruwa, wancan da guntun alli a aljihu. Ƙananan cikinsu za su sunkuya su shiga wata rumfa: ginshiƙan itace, zana a kewaye, karan hatsi a sama. Wasu a tabarma, wasu a kan buhu. Mushe, wato malamin aji, ya jingina babban allo da itace, ya rubuta kwanan wata da Faransanci, ya yi tambaya, sai ƙananan alluna su tashi sama a lokaci guda, kowa na leƙen na kusa da shi.

A nan ake koyon baƙi da lissafi, kuma ana koyo ƙwarai. Yaro ya shiga bai san riƙon alli ba, kafin damina ya rubuta sunansa. Sai dai ɗakin da yake karatun a ciki, in aka faɗi gaskiya, makamashi ne aka tara aka ba shi siffar aji.

Firamare a Nijar shekara shida ce, daga CI zuwa CM2. Inda ɗakunan siminti suka yi kaɗan, galibi manyan ɗalibai masu shirin jarrabawa ake bar wa, ƴan shekara shida da bakwai a tura su rumfa. Wato waɗanda suka fi kowa ruɗewa in an ce gudu, su ne a wurin da ya fi saurin kamawa. Rumfar kuma tana cin lokacin karatu ta kai da ƙafa. Ana komawa makaranta a Oktoba, amma kara ba ya samuwa sai an gama girbi, don haka wani ajin sai cikin Nuwamba yake tsayawa. Da hadarin farko ya taso da guguwarsa, an tashi ke nan.

Shekarar 2021 ta nuna wa ƙasar nan abin da zana ke iya yi. Ranar 13 ga Afrilu, gobara ta tashi a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, ta kashe yara 20, mafi yawansu ƴan ajin renon yara. Wata bakwai ba su cika ba, ranar 8 ga Nuwamba, aka sake ganin irinta a cikin birnin Maraɗi: azuzuwan zana uku suka ƙone, yara aƙalla 25 ƴan shekara biyar zuwa shida suka rasu, wasu suka ji munanan raunuka. Jihar ta yi zaman makoki na kwana uku, gwamnati kuma ta hana sanya ƴan ajin renon yara a cikin zana. A lokacin hukumomi da kansu sun ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa kusan 36,000 a faɗin ƙasar. Ba abu ne da za a maye gurbinsa cikin shekara ɗaya ko biyu ba.

Abin lura, duka biyun a manyan birane suka faru, inda akwai ƴan kwana-kwana da babban asibiti. To ina ga ƙauyen da kafin mota ta iso, toka ma ta huce?

Mutumin Dakoro ba ya buƙatar a yi masa bayanin wuta da iska. Ya san yadda wutar daji ke lashe makiyaya bayan damina mai kyau, ya san dalilin da ya sa ake share hanya a cikin ciyawa don a datse ta. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai bar garwashi kusa da rumbunsa ba, shi ne zai wuce ta bakin makaranta ya ga mai ƙosai ta kafa murhu taki uku daga zanar ajin ɗansa, ya saya, ya yi gaba. Ba laifin matar ba ne ita kaɗai. Neman abincinta take, kuma yara na jiran ta in an fita hutun safe. Wuri kawai ya kamata a ware mata, nesa da rumfuna, ta gefen da iskar hunturu ba za ta kwaso tartsatsi ta kai aji ba, tunda daga gabas maso arewa take busowa. Haka mai shayi da gawayinsa, da mai ƙona shara a bayan makaranta, da mai jefar da guntun taba, da yaron da ya zari ashana daga ɗakin uwarsa don ya burge abokai.

Wannan aiki yana da masu shi. Kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa, wanda mutane suka fi sani da COGES, ga ƙungiyar iyayen ɗalibai, ga ta iyaye mata. Su ne ma ke tara kara da itace su kafa rumfar, saboda haka su ke da ikon cewa ga yadda za a kafa ta. Aji mai ƙofa ɗaya ƴar ƙarama tarko ne: in wuta ta kama ta nan, ba sauran mafita. A bar ƙofa biyu masu faɗi, ɗaya gaba ɗaya baya, kada a ce sanyi ya yi yawa a ɗaure ta bayan da igiya. A raba rumfunan da juna, don jera su kafaɗa da kafaɗa shi ke sa wutar ɗaya ta zama ta duka. A kankare busasshiyar ciyawa a kewaye. A tara rairayi a bakin kowane aji, abin da Allah Ya hore wa yankin ba awo, a ajiye jarkar ruwa cike. Duk wannan ba ya cin ko dala, sai gumin yini guda.

Sannan kada a bar ƙananan yara su kaɗai a rumfa, ko na minti biyar ne.

Akwai kuma darasin da ba ya cikin littafi. Yaro in ya tsorata ɓuya yake yi, ya shige ƙarƙashin tebur ko ya koma ɗauko takalminsa. Sai an gwada masa fita tun lafiya lau: mushe ya tafa hannu, kowa ya bar allo da jaka, a bi ƙofa mafi kusa, a taru a gindin itacen da aka zaɓa, a kira suna. A maimaita har ya zame musu wasa. A yi shi da harshen da yaron ke ji, Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, domin ɗan CI da ya yi wata biyu yana jin Faransanci ba zai tsaya fassara ba a cikin hayaƙi.

In wuta ta kama riga, gudu yana ƙara mata ƙarfi. A kwanta a yi birgima a ƙasa, ko a lulluɓe yaron da bargo ko zane mai kauri. Yadin roba, irin na wasu hijabai da rigunan ƙwallo, narkewa yake ya manne a fata, kada a fizge shi. A yi ta zuba ruwa mai tsabta a kan ƙunar kamar minti ashirin, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi likita. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, toka, man shanu, duk ƙara wa ciwon ƙazanta suke yi, komai yawan masu rantsuwa da su.

Maganin dindindin dai gini ne, kuma haƙƙin jama'a ne su riƙa tuna wa ofishin magajin gari da sufetan makarantu, a rubuce, ba sau ɗaya ba. Kafin siminti ya zo, garin da ya iya yin gayya ya gina masallaci da tubalin laka zai iya ɗaga bangon aji ɗaya, a fara da na ƙanana. Mai ɗa a lakwal ya daure gobe da safe ya raka shi har bakin aji, ya ƙirga ƙofofin da idonsa, ya duba inda murhu mafi kusa yake.